Kawuna, Wanda Argungu Ta Kira Bos

Dariya na fara ji. Muna zaune a tsakar gidan Kawu a Argungu, mata sun cika tabarmi, maza sun dawo daga maƙabarta ba da daɗewa ba, sai ga dariya ta tsallako katanga daga rumfar ƙofar gida. Ba ta mutum ɗaya ba ce. Irin wadda ake ƙoƙarin dannewa ce ta ƙi dannuwa. Daga baya na ji abin da ya jawo ta. Wani daga cikin masu gaisuwa ne ya shafa addu'a, ya ce, "Tau, Bos ya mutu. Fim ya ƙare, kowa shi tashi."

Matar Kawu ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya, ta ci gaba da jan carbi kamar ba ta ji ba, amma na ga yatsunta sun tsaya a kan ƙwaya ɗaya sun ƙi wucewa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta ƙarasa abin da dariyar ta fara. Ta gyara zama, ta yi magana da irin muryar da ake so kowa ya ji.

"Allah shi gahurta mai. Haƙuri kam yana da shi, ba a hana mai wannan. Amma hwa ɗiyan mutane da yal lalata da fina-finan ga, sai dai Allah."

Mata biyu suka ce, "Gaskiya ta." 

Baba ya zo daga Birnin Kebbi a mota, ya tsaya a sahun baya aka yi sallah, bai shigo ya gai da matar mamaci ba, ya ce yana da taro. Yayana kuwa, ta ƙofar zaure na hango shi lokacin da za a fita da makara. Ya matso ya kai kafaɗa, kafaɗar ta ƙi ɗaguwa kamar yadda ta daɗe tana ƙi, sai ya ja da baya ya ba wani wuri. Ƙato ne har yanzu, wuyansa kamar turmi. Ya tsaya yana kallon waɗansu suna ɗauke da Kawu.

Ni ba mai faɗa ba ce. A gidanmu ni ce wadda ake aika ɗebo gishiri a same ta tana kallon tsuntsaye a kan waya. Amma shekaru sun shuɗe dariyar nan ba ta bar kunnena ba, kuma ba wanda ya tashi ya faɗi wane ne mutumin da aka yi wa ita. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada abin da Gwaggo ta faɗa ya zama shi kaɗai ya rage a kansa.

Baƙo idan ya ji ana cewa Bos, zai ɗauka girmamawa ce. A wurinmu ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo ya san mutum biyu ne ke da fim: akta da bos. Akta shi ne jarumi, shi ake tafa wa, kuma ba ya mutuwa. Bos shi ne mugu, shi ake jira a ga ƙarshensa. A tsakaninsu akwai yaran bos, waɗanda ba su da suna, suna shigowa garke-garke akta yana zubar da su kamar ana kakkaɓe mangwaro.

Kawu mutumin garin Gulma ne, kusa da Argungu. Masunci ne tun tasowarsa, kuma ɗan kokawa idan an gama girbi. Ni dai na buɗe ido na gan shi a ƙofar wata rumfar langa-langa a bayan kasuwar Argungu, da talabijin a kan tebur, da bidiyo, da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Bayan la'asar ake fara kallo. Finafinan mutanen Sin ne suka fi yawa a lokacin, masu tashi sama su sauka a kan rufin ɗaki.

Ba ya jin yarensu, Turancin da ake rubutawa a ƙasa ma ba ya karanta shi. Amma shi ke fassara. Yakan tsaya a gefen talabijin da ɗan kara a hannu, yana faɗin abin da suke cewa, kuma a bakinsa duk rigimar mutanen Sin a kan iyakar gona ce. Bos zai zare ido ya yi wata doguwar magana, Kawu ya ce, "Yac ce fadamag ga ta kakanai ta, duk wanda yas shuka shinkahwa ciki sai ya ga jini." Tsoho mai farin gemu zai kalli almajirinsa, Kawu ya ce, "Yac ce mai, kai yaro, ka gai da uwarka kahin ka hito? Koma ka gaishe ta." Rumfa ta ɗauki dariya. Mutane da yawa don bakinsa suke zuwa, ba don fim ɗin ba.

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa samari rai. Ana tsakiyar faɗa, akta ya kama wani ya jefa ta taga, sai Kawu ya danna maɓalli hoto ya tsaya cak.

"Ku dakata. Wanga da anka jefa, wa ka kai shi gida? Yana da uwa hwa."

"Haba Kawu! Saki muna fim!"

"Ina tambaya ne. Ga shi can kwance, ba wanda yaw waiwaye shi."

"Kai dai bayan bos kake kullum!"

Daga nan sunan ya fito, ya bi shi har kabari. Bai taɓa nuna ya dame shi ba. Idan aka kira shi da shi yakan ɗaga hannu ya ce, "Bos ma ɗan wani na."

Ba zan ce finafinan ba su taɓa garin ba. Sun taɓa shi. Akwai lokacin da ba ka bi ta lungu ba ka ji ana ihun kareti ba. An yi ta ɗaura tsumma a goshi, an yi ta dirowa daga katanga, masu ɗori sun sha aiki. Amma wannan duk wasa ne, yana wucewa kamar yayin waƙa. Abin da bai wuce ba shi ne wanda ya biyo baya, lokacin da finafinan ƙattin Turawa suka shigo, masu ƙirji kamar faifai, jiki yana ƙyalli da mai, bindiga a kowane hannu. Daga nan samari suka daina son tsalle, suka koma son girma. Aka fara zuba siminti a gwangwanayen madara a soka ƙarfe a tsakiya. Tela ya fara jin, "Matse min hannun rigar." Tafiya ma ta sauya, hannuwa a buɗe kamar mutum yana ɗauke da kankana a kowace hamata.

Kawu ba ya son waɗannan finafinan, kuma ba ya ɓoyewa. Idan an sa su fassararsa takan gajarce. "Mutanen Sin dai ko ba komi suna durƙusa ma malaminsu," yakan ce, "suna ɗebo mai ruwa, suna share mai gida. Wanga ƙato ko sallama bai yi. Ya shigo gari, ya ƙone shi, ya tahi." Yakan ce a filin kokawa idan ka kayar da mutum kai ne za ka fara miƙa masa hannu, domin gobe tare za ku shiga jirgi ɗaya.

Mu mata ba ma shiga rumfa. Amma idan mun je hutu, wata rana da hantsi Kawu yakan sa a ɗauko talabijin a kawo cikin gida, a jawo waya ta kan katanga, matan unguwa su taru da jariransu. Ba ya karɓar komai. Yakan ce su ma suna da ido. A irin wannan ranar ce ya kama ni. Kowa yana kallon masu faɗa, ni kuwa ina kallon abin da ke bayansu: wani kogi mai hazo a kansa, da itatuwan gora suna rausaya, da wani ɗan jirgi can nesa wanda ba ruwansa da rigimar. Ya sunkuyo ya ce, "Ke ɗiyata, mi kika kallo?" Na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da kaset ɗin baya, mata suna ta mita, don kawai in sake ganin jirgin ya wuce. Washegari ya kai ni bakin gulbi da sassafe ya ce, "Ga naki nan, ba sai an kunna janareta ba." Duk abin da na taɓa rubutawa a rayuwata, daga wannan safiyar ya faro.

Yayana shi ma a rumfar ya girma, amma shi ƙattin ya zaɓa. Ya fara da gwangwani, ya koma gidan ɗaga ƙarfe a Birnin Kebbi, har ya zama idan ya shigo ɗaki sai ya karkata. Yana da kirki, har gobe yana da shi. Amma ya yarda da abin da ya gani a allo, cewa mutum mai irin wannan jikin ba a taɓa shi.

Ana gab da zaɓe ya zo Argungu. Ina gidan Kawu a ranar, ni na kawo musu fura a zaure. Yana sanye da baƙar riga mai kama jiki da baƙin tabarau.

"Kawu, na samu aiki. Mu ka tsaron ɗan takara."

Kawu ya ajiye ludayi. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"A fim ɗin ga naku, kai wane ne?"

Yaya ya yi dariya, ya murza damtse. "Sai ka tambaya? Akta mana."

"Ku nawa anka ba irin rigag ga?"

"Muna da yawa."

"Duk baƙa? Duk da tabarau?"

"I."

"Ɗana, ka daɗe kana zama bencina. Akta ɗaya ka zama cikin fim. Waɗanda anka ɗinka ma riga iri ɗaya, ka san ko su wa ne."

Yaya ya cire tabarau. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce shi ba yaron kowa ba ne. Ya ce mutumin da ya ƙare a tsaron ƙofar rumfa ba shi zai koya masa yadda ake zama wani abu ba. Ya tashi ya fita, bai sha furar ba. Kawu ya ɗauki ludayinsa, ya juya shi a hannu, ya ce da ni, "Sha, kar ta tsinke."

Washegari ya hau kabu-kabu, da tsufansa, ya bi ta Ambursa har Badariya, unguwarmu a Birnin Kebbi, don ya gaya wa Baba. Inna ta ce a tsaye suka yi maganar. Baba ya ce yaro yana neman na kansa ne, kuma mutumin idan ya ci zaɓe zai sama masa aikin gwamnati. Ya ce Kawu ya bar shiga abin da bai sani ba.

Ba a yi nisa ba abin ya faru. Ayarin 'yan takara biyu suka haɗu a hanya, aka fara da zagi, aka koma duwatsu da gorori. Motar mai gidan nasu ta ɗaga gilashi ta wuce. Masu baƙaƙen riguna aka bari a kan kwalta. Wani ya sauke wa Yaya ƙarfe a kafaɗa, ƙashin ya farfashe yadda har yau hannun ba ya wuce ƙirji. Ɗan takarar bai zo asibiti ba, bai aiko ba.

Kawu ya zo. A barandar asibiti, a gaban 'yan dubiya da masu jinya, Baba ya tare shi.

"Kai ka kashe min ɗa da ransa. Kai da rumfarka ta shaiɗan. Tun yana ƙarami kake cusa masa wannan haukan. Kada ka sake taka ƙofar gidana."

Ina tsaye riƙe da kwanon abinci. Na jira Kawu ya ce, ni ne fa na zo har gida na gaya maka. Na jira ya ɗaga murya ko sau ɗaya, shi da ya taɓa kayar da ƙatti a gaban garuruwa. Ya kalli Inna, wadda ta kafe ido a ƙasa. Sannan ya ce, "Tau, Alhaji. Allah shi ba shi lahiya." Ya juya ya tafi.

Maganar Baba ta riga shi isa Argungu. Alhaji ma'aikaci ne, mai sahun gaba a masallaci, idan ya faɗi abu an gama. Iyayen da 'ya'yansu suka shiga bangar siyasa suka samu inda za su ajiye laifi. Ba a daɗe ba Kawu ya rufe rumfar, ya koma noman shinkafa a fadamar Gulma da bayan da ya riga ya gaji.

Bai sake taka ƙofar gidanmu ba, kuma bai daina zuwa ba. Yakan tsaya a bakin layinmu a Badariya, a gindin wata bishiyar dogon yaro, da ƙullin bandar kifi ko ɗan buhun sabuwar shinkafa, ya jira har wani ɗan gida ya fito. Ranar da aka yi walimar gama karatuna, gida ya cika da mutanen da ba su san ko me na karanta ba, shi kuwa yana can gindin bishiya cikin farar rigarsa ta Juma'a. Na fita na same shi. Na ce ya shigo, yau dai ba wanda zai yi magana. Ya girgiza kai.

"Mai gida ya hana. Ba a shiga gidan mutum ta bayan maganatai."

"Amma Kawu, ba kai ka yi ba. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Uwarki tana lahiya?"

"Lafiya lau."

"Tau." Ya miƙo mini kifin. "Ki ce ta sa mai yaji da yawa."

Na taɓa gwada yi wa Baba magana, sau ɗaya. Na durƙusa na ce ko zai yi haƙuri ya bar Kawu ya riƙa shigowa, ko don Inna. Ya ce yarinya ba ta sa baki a maganar manya. Na tashi. Da wannan hanin a kansa Kawu ya kwanta ciwo a ƙarshen wata damina, da shi ya rasu.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Mutumin da ya raba riguna ya ɗaga gilashi, har yau ana tashi tsaye idan ya shigo wuri. Waɗanda suka yi dariya a rumfar makoki, a bencin Kawu suka girma, da yawansu ya sha barinsu su shiga ba ko sisi, kuma ba wanda ya taɓa tsayar musu da fim ya nuna musu na kwance a ƙasa sai shi. Yau finafinan suna cikin aljihun kowa, a waya, an fassara su da Hausa mai zagi da kirari, ba mai danna maɓalli ya tambayi komai. Gidajen ɗaga ƙarfe sun ƙaru, kuma duk zaɓe ana ɗinka sababbin riguna. Rumfar Kawu ta daɗe da zama shagon cajin waya. Idan shi ne ciwon, me ya sa ciwon bai bi shi ba?

Yaya ba ya maganar. Yana sayar da albasa yanzu, da hannu ɗaya yake jan buhu. Ya sa wa ɗansa na fari sunan Kawu, Baba bai hana ba, amma bai taɓa kiran yaron da sunan ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci kamar bakin gulbi da safe, ya karɓe shi a gidan da ba a tsayar da kowa a bakin layi.

A bara ne, ina gida, ni da Inna muna tsintar shinkafa a tsakar gida. Daga falo ana jin ƙarar harbi da ihu. Baba ne da jikokinsa suke kallon wani ƙato yana rusa gari. Na ce, a hankali, "Da Kawu ne ya kunna wannan, da an ce shaiɗan ne."

Inna ba ta ɗago ba. Ta fitar da wata tsakuwa ta ajiye a gefe.

"Rumfar ba ta kawunki ba ce," ta ce.

Na tsaya.

"Ta ubanki ce. Talabijin, da injin, da hilin, duk nashi. Yana aikin gwamnati, yana jin kunyar a ce Alhaji na da gidan kallo. Shi yat tahi Gulma da kainai, yar roƙi yayana shi bar ruwa shi zo shi tsaya mai a ƙohwa, a ce tashi ce. Don ni yay yarda."

Na ce, "To kaset-kaset ɗin fa?"

"Ubanki ka sawo su, duk ƙarshen mako. Da na ƙattin ga sunka hito, kawunki ya zo nan yac ce a bar kawo su, ba su da tarbiyya." Ta girgiza faifan, shinkafar ta koma gefe ɗaya. "Ubanki yac ce su ka cika benci."